Hancin Gwani Zhan

Shekara shida ina yi wa mijina hanci, duk ƙauyenmu babu wanda ya sani sai ni da shi.

Sunana Su Lanfen. Sunan mijina Zhan Wenkui, amma in ka shigo ƙauyen ka tambayi gidan Wenkui sai an tsaya tunani, in ka ce Gwani Zhan kowa zai nuna maka. Shi ne babban alƙalin gasar shayi da ƙungiyar masu shayi ke shiryawa sau biyu a shekara, bayan ɗibar bazara da bayan ɗibar kaka. Ba zan yi masa ƙarya ba, a da ya cancanci sunan. A jera masa kofi talatin na Tieguanyin, nau'in shayin da duk tsaunukanmu na Anxi ke ci da shi, ya bi su da cokali yana zuƙa, ya gaya maka wanne aka tsinka da raɓa, wanne ruwan sama ya doka a kwando, wanne mai shi ya yi garaje wajen girgiza ganye.

Wata rana yana gangarowa daga gona babur ya kwashe shi, kansa ya bugi dutse. Kwana tara ya yi a asibiti, ya dawo da ƙafafunsa, muka yi murna. Bayan mako guda na shigo daga waje na tarar da shinkafa ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika kicin, shi kuwa yana zaune ya ba murhu baya yana ɓare gyaɗa. Bai ji komai ba. Likita ya ce jijiyar hanci ce ta taɓu, ƙila ta dawo, ƙila ba ta dawo ba. Ba ta dawo ba. Yana jin zaƙi da ɗaci da gishiri, amma duk wanda ya san shayi ya san wannan ba komai ba ne, a hanci shayi yake.

Ya yi kuka, irin kukan da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Ni na kawo shawarar, kuma wannan yana cikin abin da ke ƙona min rai har yau. Ni 'yar Su Tianlai ce, wanda ya yi shekara arba'in yana gasa shayi a kan gawayi, tun ban kai tsawon tebur ba yake miƙo min murfin kofi in shaƙa in faɗa masa abin da na ji. A gasa kuma dama mata ne ke zuba ruwa. To, sai muka shirya. Zan tsaya gefensa ina zubawa, ina shaƙar murfi kamar mai duba zafi. In na kife murfi, shayin bai kai ba. In na ajiye shi a buɗe, mai kyau ne. In na taɓa tawul, akwai danshi. In na juya cokali ya kalle shi, wannan ne na ɗaya. Sauran bayanin ya riga ya san shi, bakinsa bai samu rauni ba.

Shekarar farko yana gode min. Shekara ta biyu ya daina. Zuwa ta huɗu na lura mutumin ya manta. Ya dawo gida yana ba ni labarin yadda ya gano danshi a kofi na bakwai, ni da na taɓa masa tawul. Ya kuma samo wata barkwanci da yake yi a gaban baƙi: wai Lanfen ba ta san shayi ba, amma a tafasa ruwa duk lardin babu na biyunta. A yi dariya, ni ma in yi murmushi in ƙara musu ruwa. Na gaya wa kaina ciwo ne ke magana, ba shi ba.

Abu ɗaya ne a gidan nawa ni kaɗai. Ranar da aka kawo ni, shekara ashirin da shida ke nan, babana ya haɗo ni da tuluna shida cike da shayin da ya gasa da hannunsa a kakar wannan shekarar, gashi mai nauyi na mutanen da. Ba da jimawa ba yayin koren shayi ya shigo, kowa ya koma yin shayi mai ƙamshin fure wanda in ba a firji ba ba ya kai wata uku. Mutane suka riƙa yi wa babana dariya, shi da baƙin shayinsa. Shi kuma ya ce su bar shi, shayin da ba ya iya kwana a waje ba shayi ba ne, ganyen miya ne. Bai rayu ya ga ranar da 'yan birni suka dawo suna neman tsohon shayi ido rufe ba.

Tulunan a ɗakin sama suke, a kan katako, nesa da bango, bakinsu a liƙe da takarda da ƙyalle da kakin zuma. Duk bayan shekara uku, in sanyi ya shigo iska ta bushe, sai in buɗe, in gasa a hankali a kan gawayin itacen longan da aka lulluɓe da toka, in bari ya huce, in mayar in liƙe. Na san shayin nan kamar yadda na san 'yata. A shekarun farko wuta ce kawai a cikinsa, yana kartar maƙogwaro. A ta biyar ya yi wani tsami da ya tsorata ni, na ruga wurin babana, ya ce in ƙyale shi, girma yake yi. Daga ta goma tsamin ya fara kwanciya. Da ya haura ashirin sai ya zama wani abu dabam: ruwan ja wur kamar a ga ƙasan kofi, ƙamshin tsohon akwatin katako, ɗan zaƙi irin na busassun 'ya'yan itace, in ka haɗiye kuma sanyi ya taso maka daga maƙogwaro ya daɗe bai tafi ba. Na yi imani zai ƙara wata ashirin yana gyaruwa.

Bana, ana gama gasar bazara, 'yarmu Shuyin ta haihu a birnin Xiamen, haihuwa mai wuya. Na tafi da niyyar wata guda, na yi wata biyu da rabi ina dafa mata romon kaza da citta, ina jijjiga jariri. Duk lokacin ruwan nan ne da ba ya ɗaukewa, wanda bango ke gumi, tufafi su ƙi bushewa. A waya Wenkui ya ce yana ɗan gyara a ƙasa, zan gani in na dawo. Ban kawo komai a raina ba.

Sai ya kira ya ce lallai in dawo ranar Laraba, Kawu Ko zai zo. Kawu Ko aminin babana ne, ɗan ƙauyenmu da ya tafi Penang, can ƙasar waje, tun yana saurayi ya buɗe shagon shayi. Shekararsa tamanin da ɗaya. In ya zo gida bikin ajiye wa kakannin da suka rasu abinci sai ya biyo ta wurina in haɗa masa shayin babana, ya sha kofi uku, ya tafi.

Motar ta makara, sai da rana ta take na iso. Na tsaya a ƙofar gida da jakata ina kallo. An rushe tsohon zauren ƙasa, an yi sabon ɗakin shan shayi da gaban gilashi. Ina tura ƙofa warin ya mare ni: sabon fenti, ɗanyen siminti, da turaren tsinke da ke ci a kusurwa. An yi kantoci an shafe su da jan fenti mai sheƙi. A ƙarƙashinsu, a kan siminti tsirara, jingine da sabon bango, ga tulunan babana shida a jere an haska musu fitila. Huɗu an fasa liƙinsu, an ɗora musu murfin katako mai ado.

Baƙi sun riga sun zauna: Kawu Ko, da shugaban ƙungiya Weng Jinshui, da wasu mutum biyu daga ƙungiyar. Wenkui ya taso da fara'a ya karɓi jakata, ya ce ga mai tafasa ruwa ta iso, yanzu a sha shayi. Na gaida Kawu Ko, na gaida sauran. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gaban tulun farko ba. Na ɗaga murfin katakon. Ban ma sunkuya ba.

Na zauna na haɗa, don hannuna ya san aikin ko babu ni. Na ɗauraye ganyen, na zubar, na sake zuba ruwa. Na ɗaga murfin kofi na kai hanci. Danshi ne a gaba, irin na tawul da aka manta a bokiti. A bayansa fenti. A bayan fenti turare. Can ƙasa, da ƙyar, ga ƙamshin katakon nan da na sani, kamar muryar mutum a ɗakin da aka kulle. Ruwan ma ya yi duhu, ya dagule. Na zuba wa kowa. Murfin kuwa ban kife shi ba, ban ajiye shi a buɗe ba, na riƙe shi a cinyata.

Wenkui ya kurɓa, ya saci kallon hannuna. Ya sake kurɓa, ya sake kallo. Da ya ga babu komai sai ya gyara zama ya fara. Ya ce su ji yadda tsamin ya kwanta. Ya ce ga tsohon katako, ga busassun 'ya'yan itace, su jira sanyin da zai taso daga maƙogwaro. Kalmomina ne, ni na faɗa masa su shekara biyu da suka wuce a ɗakin sama. Shugaba Weng yana kaɗa kai yana cewa lallai, lallai, irin wannan sai gidan Gwani. Mutum biyun suka ce haka ne. Kawu Ko ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin da rabin shayi a ciki, ya tsura wa tebur ido.

Wenkui ya ga kofin. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kawu, in ka ji wani abu ya gaza, laifin ruwa ne. Mai tafasawar ta je birni hannunta ya lalace."

Aka yi dariya. Na miƙe na shiga kicin. A saman kanta akwai gwangwanin karare da ɓarɓashin shayi, wanda nake dafa ƙwai da shi in masu tsinka sun zo aiki. Na haɗa shi a can, na tace, na fito da kofi biyu iri ɗaya a faranti, ɗaya na ƙwai, ɗaya na tulu. Na dire su a gabansa.

"Baban Shuyin, wanne ne na babana?"

"Wace irin wasa ce wannan, Lanfen? Ga baƙi."

"Ba wasa ba ce. Kai ne Gwani. Kofi talatin kake rabewa, biyu ba za su gagare ka ba."

Ya kalli hannuna. Na mayar da su baya na harɗe. Na ga gumi ya tsatso masa a saman leɓe, kuma ban ji tausayinsa ba, ko kaɗan. Ya kurɓi na dama, ya kurɓi na hagu, ya daɗe yana juya shi a baki. Daga ƙarshe ya ɗora yatsa a kan na hagu.

Na ce wannan da shi nake dafa ƙwai.

Kawu Ko ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, ya shaƙa, ya kurɓa. Ya ce a hankali, "Bai yi zaɓen banza ba. Wannan ya fi tsabta."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na faɗi komai. Na faɗi babur, da shinkafar da ta ƙone, da murfi, da tawul, da cokali. Na juya ga Shugaba Weng na ce shayin surukinsa da ya zo na biyu bara, ni na sa shi na biyu, kuma ko yau aka sake jerawa na biyu zai zo. Na tambaye shi, shi da hancinsa lafiya lau, me ya ji a kofin da ya gama yabo yanzu. Na nuna tulunan na ce shekara ashirin da shida ina hawa da sauka da su, sau takwas na gasa su, ban bar ko albasa ta kwana a ɗakin sama ba don kada su ɗauki wari, mutum guda ya kashe su a wata biyu don a zo a ɗauki hoto. Ban yi kuka ba. Wenkui bai ɗago kai ba har na gama. Shugaba Weng ya tuna yana da wani uzuri, mutanensa suka bi shi.

Na raka Kawu Ko bakin hanya. Muna tafe yana dogara sandarsa ya ce tun zuwansa na baya ya gane, ya ga idon Wenkui ba ya barin hannuna. Na tsaya cak na ce, "Ka gane, Kawu, amma ka ci gaba da ce masa Gwani, ni kana ce min sannu da ruwa?"

Ya ce, "'Yar Su, ke kika gina masa kujerar, ke kika riƙe ta. Ni baƙo ne, in zo in ture?"

Na ce masa ya sauka lafiya. Ban taɓa juya wa dattijo baya ba sai ranar.

Da na dawo Wenkui yana nan inda na bar shi, kofi biyu a gabansa. Na fara kashe turaren, na buɗe tagogi. Sai ya fara magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce 'yan birni ne ke ta zuwa suna tambayar tsohon shayi, ya ga gidaje da ba su kai mu ba sun yi ɗakin gilashi, ya so a san abin da ke gidan. Ya ce duk wanda ya buɗe wa tulu ya shaƙa sai ya ce bai taɓa jin irinsa ba, mutum sama da hamsin, ko ɗaya bai ce masa akwai wani wari ba. Fentin ma mai aikin ya rantse masa ba ya wari.

Na ce ai waya tana hannunsa, kullum muna magana, kalma ɗaya ta isa.

Ya ce, "Na so in yi abu ɗaya da ban tambaye ki ba. Kin san yadda mutum yake ji, ana ce masa Gwani, shi kuwa ruwan zafi kawai yake ji a bakinsa?"

Na ce, "Ban sani ba. Na dai san yadda mutum yake ji yana jin komai ana ce masa mai tafasa ruwa. Kuma da za ka gwada abin da ba ka tambaye ni ba, sai ka gwada a kan kayan ubanka."

Ya miƙe zai kama min tulu, na ce kada ya taɓa. Biyun da ba a fasa ba ni kaɗai na hau da su, mataki-mataki, ina hutawa, bayana kamar zai tsage.

Sai da na jira kusan wata biyu kafin iska ta bushe. Duk tsawon lokacin muna gida ɗaya, ina dafa abinci in ajiye masa, ya ci ya wanke kwanonsa. Ya rubuta wa ƙungiya takarda ya ajiye alƙalanci, ba wanda ya zo ya roƙe shi ya janye. Ya daina zuwa shagon da maza ke taruwa da yamma. A kasuwa mata sun rabu biyu, wasu su matse min hannu a ɓoye, wasu su ce ko me miji ya yi ba a tsiraita shi a gaban baƙi. Wata ma ta ce min shayi ne fa kawai. Na ce mata ta je ta faɗa wa babana a kabarinsa.

Da sanyi ya shigo na haɗa gawayi, na lulluɓe da toka har zafin ya zama wanda bayan hannu ke iya jurewa, na ɗora kwandunan gora. Kwana huɗu ina kan tulun farko, ina juyawa, ina shaƙa, ina saukewa ya huce, ina mayarwa. Danshin ya fita. Turaren ya ragu. Fentin ya ƙi. Na ƙara wuta, ya ƙi. Na ƙara har ganyen ya fara ƙauri, na haɗa na kurɓa, ga shi nan daram a bayan harshe. Na gwada na biyu, na uku, na huɗu, duk ɗaya. Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin gashi.

Shugaba Weng ya aiko a gaya min wai akwai mai saye a birni da zai kwashe huɗun a haka, wai 'yan birni ba sa rabewa, in an ce shekara ashirin da shida shi ke nan. Na ce wa ɗan aiken shayin Su Tianlai ba zai shiga bakin kowa da warin fenti ba. Na juye su a buhu, na ɗauka zuwa gonarmu ta sama, na tona rami tsakanin layukan shayi na binne. A can na yi kukan da ban yi ba tun ranar Laraban nan. Ina sane da Wenkui ya biyo ni ya tsaya nesa da fartanya a hannu. Ban kira shi ba, shi ma bai matso ba.

Na biyar ashe yana da 'yar tsaga a gindi, ya sha danshi kaɗan, amma wuta ta fitar da shi, sai dai sanyin maƙogwaron ya ragu, ban sani ba ko zai dawo. Na shida lafiya lau yake. Na haɗa kofi ɗaya na sha a tsaye, ya yi daɗi har ya ƙara min haushi, don ya nuna min abin da na binne.

Ana saura mako biyu gasar kaka Shugaba Weng ya zo da kansa, da kwalin lemo a hannu. Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi babana, ya ce duk ƙungiya ta yarda ina da hanci. Na zaci kujerar alƙalin ya zo ba ni. Sai ya ce sun naɗa sabon alƙali, ƙanen matarsa, mutum ne mai ƙoƙari amma bai gama gogewa ba. Ko zan taimaka in tsaya gefensa in zuba ruwa, kamar yadda na saba.

Na ce, "Kamar yadda na saba?"

Ya ce ai na gane, mutane ba su saba ganin mace a kujerar ba, a bi a hankali.

Kafin in buɗe baki sai ga muryar Wenkui daga bakin ƙofa, maganarsa ta farko mai tsawo cikin wata biyu. Ya ce, "Jinshui, ɗauki lemonka. Ni da na aure ta ma ban ci wannan arziƙin lafiya ba, balle ƙanen matarka."

Ban gode masa ba. Amma da yamma na zuba masa miya da hannuna maimakon in bar masa tukunya.

Na shiga gasar da shayin kakar bana, gashin gawayi, da sunana a kan takarda, karo na farko a rayuwata. Wenkui ne ya yi min jigilar gawayi ya kuma tsare wutar, don bayan hannunsa yana jin zafi fiye da nawa, wannan kam babur bai taɓa shi ba. Mutum arba'in da uku suka shiga. Na zo ta huɗu.

Bayan an sanar ana barin kowa ya bi layi da cokali. Na ɗanɗana ukun da suka wuce ni. Na ɗaya ya fi nawa, ba gardama, na je na gaya wa mai shi. Na biyu an yi garaje wajen girgiza, yana da bauri. Na uku kuwa ruwan sama ya doke shi a kwando, tun daga murfi na ji, kuma na ɗan wan Shugaba Weng ne. Na faɗa a wurin da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sabon alƙalin ya ce in ina da ƙorafi in rubuto. Na ce zan rubuto, kuma na rubuta, shafi uku, har yau ba su amsa ba.

A hanyar gida Wenkui yana ɗauke da kwandon kofuna yana bina a baya, ni ina gaba ina ta faɗa, ban bar alƙalin ba, ban bar Weng ba, ban bar ƙungiyar ba. Da muka kai gada ya ce a ganinsa ta huɗu cikin arba'in da uku ba abin kunya ba ne. Na juyo na ce masa ta biyu ce, kuma shi ne mutum na ƙarshe a duniya da zai gaya min matsayin shayi. Ya ce haka ne. Muka ci gaba da tafiya. Ɗakin gilashin yanzu a nan nake shanya dankali, rana tana shigarsa sosai.